Idan Shayi da Hira Suka Zama Lami

Mutum zai ci riba a kasuwar dabbobi ta Gariki da ke Inugu, ya zauna wurin mai shayi ana ta raha, amma zuciyarsa ko gezau. Ba kuka yake ba, daɗin ne ya ɗauke. Ribot, wani masani ɗan Faransa, ya ba wannan hali suna a 1896. Yau likitocin ƙwaƙwalwa na lissafa shi cikin manyan alamomi biyu na ciwon damuwa, muddin ya kai mako biyu.

Auna shi ne aiki. A 1976 Loren da Jean Chapman na Jami'ar Wiskonsin a Amurka suka fito da tambayoyi kashi biyu, ɗaya kan daɗin jiki, ɗaya kan daɗin zama da mutane. Da aka gwada irin waɗannan ma'aunai da gwajin ɗabi'a, sai aka ga dushewar jin daɗi ta fi tafiya tare da ƙarancin sakin jiki da jama'a fiye da yawan fargaba. Clark da Watson sun nuna a 1991 cewa a nan damuwa ta rabu da ciwon fargaba: mai fargaba na iya cin dariya, mai damuwa kuwa dariyar ce ta gudu.

To amma ɗora sikelin su Chapman kan Bahaushen Anacha. Ya san rikicin da aka yi a garin a Fabrairun 2006, kuma a Agustan 2021 aka fara tilasta masa zaman gida ranar Litinin. Ka tambaye shi ko yana son shiga taro, ya ce a'a. Takarda za ta rubuta shi marar son mutane, alhali taka-tsantsan ne na baƙo. Ga kunya da kawaici: dattijon da aka yi wa haihuwa sai ya kawar da kai, farin cikinsa na ciki. Mai damuwar gaske kuma, a Diyobu ta Fatakwal ko ina, amsarsa ɗaya ce, "Alhamdu lillahi, sai godiya."

Shi ya sa, a ganina, ma'aunin Snaith da Hamilton na 1995 ya fi dacewa da zango. Tambayoyinsa 14 ne, kan 'yan kwanakin da suka wuce: shayi, abincin da aka fi so, wanka, zama da 'yan'uwa. Canji yake nema, ba halin da aka haifi mutum da shi ba. Likitan da ke asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Inugu ko na Rumuigbo a Fatakwal zai fi gane lamarin idan ya tambayi abokin kwanan majinyacin: yaushe ya daina fitowa hira?