Akwatin Da Ke Sauya Muryar Jita

Kaushin amon jitar Mdou Moctar, makaɗin ƙasar Nijar, ba daga tsirkiya kaɗai yake fitowa ba. Tsakanin jita da lasifika akwai ɗan akwati mai maɓalli, wanda makaɗi ke takawa da ƙafa.

Idan tsirkiya ta girgiza, maganaɗisun jita kan mayar da girgizar ta zama lantarki mai hawa da sauka. Taransista cikin akwatin kan ƙara masa ƙarfi fiye da abin da batir mai bolt 9 zai ɗauka, sai ƙololuwar hawan ta gutsure. Gutsurewar nan ita ke haifar da kaushin.

Akwatin Fuzz Face, da aka ƙera a Landan a 1966, taransista 2 kacal gare shi. Ɗalibi a Wudil mai dalma da tarkacen tsohuwar rediyo na iya haɗa irinsa.