Makaman Ƙare Dangi: Kansilolin Gwarzo da Kabo Ma Suna da Ta Cewa

Ranar 13 ga Fabrairun 1960, hunturu bai gama wucewa ba, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Hankalin jama'a ya tashi a Nijeriya, domin kowa ya san daga hamada iska ke kwaso hazon da ke rufe gari. Da Faransa ta yi gwaji na uku a Disamba, gwamnatin Tafawa Balewa ta kori jakadanta daga Legas a Janairun 1961. Wata taswirar sojin Faransa da aka fitar a 2014 ta nuna tsoron ba na banza ba ne: ƙurar mai guba ta kai Njamena da Bamako, Kano kuwa tana tsakanin biranen biyu.

Tun daga lokacin Nijeriya ba ta sauya matsayi ba. Tana cikin yarjejeniyar Pelindaba ta 1996 da ta haramta makaman ƙare dangi a Afirka, kuma ranar 6 ga Agustan 2020 ta tabbatar da amincewarta da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta su baki ɗaya. Duk da haka ƙasashe tara na riƙe da irin waɗannan makamai kusan 12,000, mafi yawansu a hannun Rasha da Amurka.

To ina ruwan kansilan Getso a Gwarzo ko na Garo a Kabo da wannan?

Amsar tana cikin gona. Binciken da masana na Jami'ar Rutgers suka jagoranta a 2022 ya nuna cewa idan birane suka kama da wutar nukiliya, baƙin hayaƙin zai haura sama da gajimare, inda ruwan sama ba ya wanke shi, ya tare hasken rana shekara da shekaru. Duniya ta yi sanyi, damina ta ragu, amfanin gona ya faɗi. Yaƙi tsakanin Indiya da Pakistan kaɗai, in ji binciken, na iya halaka mutum sama da biliyan 2 ta hanyar yunwa. Manomin Gwarzo da ya zuba iri da taki a gonar dawa da masara, da mai noman rani a Kabo da ke jiran dam ya cika, duk da ruwan sama suka dogara. Ko bam bai faɗo kusa da su ba, rumbunsu zai ji a jika.

Wannan ne ya sa ƙananan hukumomi a wasu ƙasashe suka daina bar wa shugabannin ƙasa maganar. Majalisar birnin Manchester a Ingila ta ayyana birnin a matsayin yankin da ba ya maraba da makaman nukiliya a 1980, wasu majalisu da dama suka bi sahu. A 1982 magajin garin Hiroshima, Takeshi Araki, ya assasa ƙungiyar Magadan Gari Masu Neman Zaman Lafiya, wadda yanzu ke da birane da garuruwa fiye da 8,000 a ƙasashe sama da 160. Hujjarsu a fili take: idan masifa ta auku, ƙofar ƙaramar hukuma ake fara bugawa, neman asibiti da ruwa da abinci.

Gaskiya ne ƙudurin kansiloli ba ya kwance bam, kuma rijiya da ɗakin shan magani da tsaron ƙauyuka ne ke gaban kowane ciyaman. Amma zartar da ƙuduri ba ya cin kuɗin rijiya ko ɗaya, kuma yana ƙara wa wakilan Nijeriya nauyin baki a zauren duniya. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44. Ya kamata majalisun Gwarzo da Kabo su kawo batun a zamansu, su zartar da ƙuduri, su shiga wannan ƙungiya, su kuma gayyaci sauran 42 su bi bayansu.