Ƙashi a Maƙogwaro ko Haukan Kare? Matakan da Suka Dace Idan Kare Ya Haɗiye Baƙon Abu

Gabatarwa

A ƙasar Kwatarkwashi da ke Ƙaramar Hukumar Bungudu, da kuma ƙauyukan Tsafe da Gusau, kare abokin aiki ne ga mafarauci da makiyayi da mai gadin gida. Kasancewar galibin karnukan sake suke, suna kiwo a juji da mahauta, sukan haɗiye ƙashi ko totuwar masara ko ƙwallon mangwaro ko leda ko tsumma. Ƙaramin abu mai santsi yakan fita tare da kashi cikin kwana ɗaya ko biyu. Babba ko mai kaifi kuwa yana iya toshe hanji ko ya huda shi.

Alamomi da Matakai

Daga cikin alamomin akwai yawan amai da ƙin cin abinci da dalalar miyau da kumburin ciki da yunƙurin kashi ba tare da fitar komai ba. Abin da ya dace shi ne a killace karen, a dakatar da ba shi abinci, a gaggauta kai shi wurin likitan dabbobi a Gusau. Idan lamarin ya buƙaci hoton ciki ko tiyata, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, da Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Ɗura wa kare ruwan gishiri ko manja domin ya yi amai kuskure ne. Gishiri mai yawa guba ne gare shi, manja na iya sarƙe shi ya gangara huhu, abu mai kaifi kuma yakan yage maƙoshi a hanyar dawowa. Haka nan idan zare ya leƙo ta baki ko ta dubura, ba a jan sa, domin yana iya yanka hanji.

Tarkon da ke Cikin Suna

Sunan "haukan kare" ya sa jama'a na tsammanin cutar ba ta zuwa sai da haushi da cizo. Alhali tana da nau'i na biyu, wanda ke shanye muƙamuƙi da maƙogwaro. Karen yakan yi lakwas, baki a sake, miyau na zuba, tamkar wanda ƙashi ya maƙale wa. Mai shi kan zura hannu don ciro ƙashin, miyau mai ɗauke da ƙwayar cutar ya shiga wani ƙurji ko yanka da ke hannunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa karnuka ne sanadin kusan kashi 99 cikin 100 na kamuwar mutane, kuma da zarar alamomi sun bayyana, da wuya a rayu.

Kammalawa

Saboda haka, kada a sa hannu a bakin karen da ke dalala, ko da na gida ne. Wanda miyau ya taɓa wa rauni ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan ya nufi asibiti a ranar domin allurar rigakafi. Tantance ƙashi ne ko cuta aikin likita ne.