TASHAR SADAT TA BIRNIN ALƘAHIRA: ABIN DA YA KAMATA MATAFIYI YA SANI

Kowace shekara 'yan Nijeriya da dama suna zuwa Alƙahira, babban birnin ƙasar Masar, wasu don neman ilmi a Jami'ar Azhar, wasu don neman magani, wasu kuma don fatauci. Baƙo ba ya daɗewa a birnin sai ya ga cunkoson motoci na cinye masa lokaci da guzuri. Maganin wannan shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda mutanen can ke kira Metro.

Tarihin tashar

A shekarar 1987 aka buɗe layi na farko, da taimakon kamfanonin Faransa. Shi ne irinsa na fari a duk nahiyar Afirka. Tashar Sadat tana ƙarƙashin Dandalin Tahrir a tsakiyar birni, kusa da tsohon gidan kayan tarihi na Masar. An sa mata sunan Anwar Sadat, wanda ya shugabanci ƙasar daga 1970 zuwa 1981. An rufe ta a watan Agusta na 1970 da arba'in da uku, wato 2013, saboda tarzomar siyasa, aka sake buɗe ta a watan Yuni na 2015.

Layi biyu ne suka haɗu a wannan tasha. Na ɗaya ya taso daga Helwan a kudu ya nufi Marg. Na biyu ya taso daga Shubra a arewa, ya ratsa ƙarƙashin Kogin Nilu, ya bi ta Jami'ar Alƙahira da Giza. Saboda haka a nan dubban mutane ke sauya jirgi, kuma a nan baƙo ya fi saurin ɓata.

Yadda ake shiga

A bakin titi akwai alamar harafin M ja. Daga nan mutum zai sauka ta matakala, ya sayi tikiti. Kuɗin tikiti ya danganta da yawan tashoshin da za a wuce. Sai ya zura shi cikin na'urar ƙofa, ƙofa ta buɗe. Lalle ne ya adana tikitin nan, domin sai da shi zai fita a tashar da ya sauka.

Allunan tasha, da Larabci da Turanci, suna nuna sunan tashar ƙarshe ta kowane layi. Wanda ya san wannan suna ba zai hau jirgin da ya ba wurin zuwansa baya ba. In ya rikice, ya tambayi ma'aikaci, gama matambayi ba ya ɓata.

Abubuwan kiyayewa

A tsakiyar kowane jirgi akwai taragu da aka keɓe wa mata. Namijin da ya shiga ana iya cin sa tara. Mata kuwa suna da damar shiga kowane tarago.

Kada kowa ya sauka kan layin dogo ko da wani abu nasa ya faɗa. A layi na biyu wutar lantarkin da ke jan jirgi tana bin wani ƙarfe ne da ke gefen dogo, taɓa shi kuwa halaka ne. A bari masu sauka su fito kafin a shiga, a riƙe hannun yara, a kuma lura da aljihu lokacin turereniya. An hana shan taba.

Ɗan Nijeriya a ƙasar waje wakilin ƙasarsa ne. Bin waɗannan ƙa'idodi zai tsare masa lafiyarsa da dukiyarsa, ya kuma tsare mutuncin ƙasarsa.