Ciwon Gwiwar Hannu: Ba Karaya Ba Ne, Ba Kuwa Sammu Ba

Jama'a, akwai wani ciwo da mu ke yawan jin kukansa a zangon nan na Kumasi, musamman wajen mahauta, da masu ɗaure huhun goro, da mata masu dakan fufu. Mutum zai ɗauki buta don alwala, sai ya ji zafi ya soke shi a ɗan ƙashin nan na gefen gwiwar hannu ta waje, alhali bai faɗi ba, bai bugu ba.

Asalin abin, naman da ke ɗaga wuyan hannu yana manne da ƙashin nan ta wurin wata jijiya mai tauri, irin wadda mahauta ke kira agara. Yawan damƙa da murɗawa, yau da gobe, shi ke sa ta saɓule kaɗan kaɗan. Wani likitan Jamus, Runge, ya bayyana ciwon tun 1873. Turawan Ingila suka laƙaba masa sunan wasan tanis, ko da ya ke galibin masu fama da shi ba su taɓa yin wasan ba.

Ga yadda likita ke ganewa. Zai danna ƙashin, sa'an nan ya ce ka miƙe hannu ka ɗaga wuyansa, shi kuwa yana tokarewa. In zafin ya tashi a wurin, shi ke nan, galibi ba sai an ɗauki hoto ba.

To, magani fa? Ƙaho da tsaga ba su kai wa jijiyar, maɗori kuma ba shi da abin ɗorawa. A rage aikin da ke tā da zafin, amma kada a nade hannu ɗungum. A riƙa ɗaukar kaya tafin hannu na duban sama. A ɗaura ɗamara kamar yatsa uku ƙasa da gwiwar lokacin aiki. Kullum a ɗora hannu bisa tebur, tafi na duban ƙasa, a riƙe gwangwanin madara, a ɗaga shi da taimakon ɗaya hannun, a sauke sannu sannu.

Allurar kotizon ta kan kwantar da zafi na 'yan makonni, amma an gwada an ga bayan shekara waɗanda suka yi haƙuri sun fi samun sauƙi. Mun san haƙurin da wuya ga mai ciyar da gida, gama ciwon ya kan kai wata 6, wani har shekara 2. Dattawa masu gyambon ciki ko ciwon ƙoda su guji yawan shan ibuprofen, man shafawa ya fi musu. Wanda kuwa ya ga kumburi mai zafi, ko yatsunsa suna mutuwa, lalle ya tafi asibiti ran nan.