Labarin zuciya a tambayi fuska, amma karanta fuskar sai da horo

Mai fama da ciwon damuwa yakan ce "lafiya lau", alhali zuciyarsa na ƙuna. Shi ya sa likitan da ke yin magani ta hanyar hira yake buƙatar ya iya karanta fuska da murya.

A shekarun 1960, Paul Ekman, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya nazarci fim ɗin wata majinyaciya. Ta yi ta fara'a don a bar ta ta je gida, alhali niyyarta ta kashe kanta. Sai da ya rage gudun fim ɗin sannan ya ga baƙin ciki ya gifta a fuskarta cikin ƙiftawar ido.

Shin karatu kaɗai yana buɗe wannan ido? Masu bincike a Jami'ar Stockholm ta ƙasar Suwidin sun bi ɗaliban fannin tsawon shekara ɗaya da rabi. Sakamakon da suka wallafa a 2023 ya nuna ba su ci gaba fiye da sauran ɗalibai ba. Amma waɗanda aka ba horo na musamman a kwamfuta, da bidiyon fuskoki da muryoyi, sun ƙara ƙwarewa.

Ke nan wannan basira koyonta ake yi, kuma rashinta na iya jawo asarar rai.