Tseren Barkley: Wasan Abokai Da Ya Gagari Gwanayen Duniya

A jihar Tennessee ta ƙasar Amurka, kusa da wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Wartburg, akwai wani gandun daji na gwamnati mai suna Frozen Head, wanda yake cikin jerin duwatsun Cumberland. A wannan daji ne ake yin wani tseren gudu sau ɗaya a shekara, galibi cikin watan Maris ko farkon Afrilu, wanda ba a tallarsa a jarida, ba a sanar da ranarsa, ba a kuma ba wanda ya ci ko anini. Duk da haka daga 1995 zuwa 2025 mutum 20 kaɗai suka taɓa kai ƙarshensa, alhali kuwa waɗanda suka gwada sun haura dubu. Sunansa tseren Barkley.

Kafin mu shiga cikin labarin ya kamata mai karatu ya tuna cewa gudun yada ƙanin wani irin wanda ake yi a wasannin Olamfik tsawonsa mil 26 ne da 'yan kai, watau kilomita 42 da mita 195, gwanaye kuwa sukan gama shi cikin awa biyu da 'yan mintoci a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, jama'a na tafi, ana miƙa musu ruwa a hanya. Shi Barkley a takarda an ce mil 100 ne, amma waɗanda suka taka shi da ƙafafunsu sun dage cewa ya ɗara haka da nisa, kuma awa 60 ake ba mutum ya gama.

Asalin abin

Tushen wannan tsere yana da nasaba da wani mummunan al'amari a tarihin Amurka. A cikin watan Afrilu na 1968 aka harbe Martin Luther King, jagoran fafitikar 'yancin baƙar fata, a birnin Memphis. Wanda aka ɗaure saboda kisan, James Earl Ray, an tsare shi a kurkukun Brushy Mountain, wanda yake a gindin waɗannan duwatsu da muke magana a kai. Ran 10 ga Yuni 1977 sai Ray ya haura katanga tare da waɗansu fursunoni shida, suka faɗa daji. Aka baza 'yan sanda da karnukan farauta. Bayan kusan awa 55 aka same shi kwance cikin busassun ganyaye, a galabaice, tafiyar da ya yi duka-duka ba ta wuce mil 12 ba.

To, akwai wani saurayi a jihar mai suna Gary Cantrell, ma'abucin gudun dogon zango, wanda ya saba yawo cikin wannan daji tare da abokinsa Karl Henn. Da ya ji labarin sai ya yi wa ɗan fursunan ba'a, ya ce in da shi ne aka ba wannan lokaci da ya ci mil ɗari. Maganar fatar baki ce irin ta matasa, amma ta zauna masa a rai. Shekara tara bayan haka, watau a 1986, shi da Henn suka tara abokansu na gudu suka ce a zo a gwada. Suka raɗa wa tseren sunan wani amininsa kuma maƙwabcinsa, Barry Barkley. Mutum 13 suka tashi a wannan shekara, a kan hanyar da ba ta kai mil 60 ba a lokacin, kuma ko ɗaya bai kai ba. Cantrell, wanda daga baya duniya ta san shi da laƙabin Lazarus Lake, ya ɗauki wannan a kan babbar nasara. Sai a 1988 aka sami wani Ed Furtaw ya kammala, sakayyar da aka yi masa kuwa ita ce aka ƙara wa hanyar tsawo. Shi kansa Cantrell, mai cika bakin mil ɗari, bai taɓa gama tseren da ya ƙago ba.

Yadda ake shiga

Wanda ya saba da aikin ofis, inda kowane abu yake da fom da hatimi da ranar rufewa, zai yi mamakin tsarin shiga wannan tsere. Ba a buga adireshin da za a aika takardar nema, ba a faɗin ranar da za a aika. Dole mai so ya nemi wani da ya taɓa shiga ya raɗa masa. Sa'an nan ya rubuta 'yar maƙala yana bayyana dalilin da ya sa ya cancanci a bar shi ya yi gudun, ya haɗa da kuɗin nema dala ɗaya da santi 60. Wajen mutum 40 ake ɗauka, domin hukumar gandun ba ta yarda taro ya yi yawa ya tattake dajin ba. Wanda aka ɗauka, takardar da za ta zo masa ta ta'aziyya ce, ana jajanta masa abin da zai same shi.

Sabon shiga yakan zo da lambar mota ta jiharsa ko ta ƙasarsa, a rataye ta a sansani tare da ɗaruruwan da suka taru tun shekarun baya. Wanda ya taɓa zuwa bai gama ba yakan kawo abin da mai tseren ya ce yana bukata a wannan shekara, wani lokaci farar riga, wani lokaci safa. Wanda ya taɓa gamawa kuwa kwalin taba sigari ne kuɗin shigarsa. Har wa yau akan zaɓi mutum guda cikin masu nema wanda ake ganin ba zai kai ko'ina ba, a ba shi lamba ta ɗaya, a kira shi ragon layyar shekara.

Wani zai ce duk wannan shiririta ce. Lalle akwai raha a ciki, amma fa tana da amfani. Wanda ya kasa gano yadda ake neman shiga, ina zai gane hanya cikin dare a tsakiyar kurmi? Da haka tseren ya kare kansa daga 'yan kallo da 'yan kasuwa, ya zauna hannun mutanen da suka san juna.

Hanyar da kanta

Sansanin yana bakin wani ƙyauren ƙarfe mai launin ruwan ɗorawa, wanda yake tare hanyar mota. Nan ake tashi, nan ake dawowa. Zagaye biyar ne, kowane an ƙiyasta shi mil 20. Ba wanda ya san sa'ar tashi. Tana iya faɗawa kowane lokaci daga tsakar dare zuwa tsakar rana. Idan saura awa ɗaya sai a busa wata babbar katantanwar teku, kowa ya zabura ya shirya. Al'adar da Cantrell ya kafa ita ce ba a harba bindiga ko a hura usur, shi dai ya ƙyasta wuta ya kunna sigarinsa, shi ke nan an fara.

Yawancin hanyar ba turba ba ce, daji ne zalla, ba kuwa wata alama da aka kafa. Kafin a tashi akan ajiye taswira guda a sansani, kowa ya kwafi hanyar a tasa, a ba shi kuma bayani a rubuce wanda shi kansa sai an yi ta fassara. Taswira da kamfas su ne abokan tafiya. An hana duk wata na'ura mai nuna wa mutum inda yake ta hanyar tauraron ɗan Adam, har agogo ma wani mai araha ake raba musu. Ba masu taimako a hanya, sai jarkokin ruwa da ake ajiyewa a wuri biyu, waɗanda a shekarar sanyi akan tarar sun daskare.

To, yaya za a tabbatar mutum ya bi hanya, tun da babu alƙalai a daji? Dabarar da suka yi ita ce ta ɓoye tsofaffin littattafai fiye da 10 a wurare daban-daban, wani ƙarƙashin dutse, wani cikin kogon itace. Kowane ɗan tsere zai yago shafin da ya yi daidai da lambar da ke ƙirjinsa, ya kawo wa mai tseren a ƙirga a bakin ƙyaure. Shafi ɗaya ya ɓace, zagayen ya tashi a banza. Kowane zagaye kuma sabuwar lamba ake bayarwa.

Abin da ya fi karya mutane shi ne hawa da sauka. Jimlar hawan da ke cikin zagaye biyar ta kai wajen ƙafa 60,000, watau kamar mutum ya hau Dutsen Everest sau biyu tun daga bakin teku, ya kuma sauko. Akwai wani hawa da suke kira Rat Jaw, wanda sarƙaƙiya ta rufe, mai ƙaya kamar haƙoran zarto, duk wanda ya ratsa ta sai ya fito ƙafafu jina-jina. Akwai wurin da ake bi ta wani rami mai ruwa a ƙarƙashin tsohon kurkukun nan na Ray, wanda aka rufe a 2009. Ga ruwan sama, ga hazo, ga dusar ƙanƙara, dukansu suna iya sauka a yini guda. Ana kuma juya alkiblar zagayen, yadda hanyar da mutum ya sani da rana za ta zame masa baƙuwa idan ya biyo ta ta baya da dare. A zagaye na biyar akan raba waɗanda suka rage, wannan ya yi dama wancan ya yi hagu, don kada wani ya jingina da wani.

Wanda ya gama zagaye uku cikin awa 40 akan ce ya yi gudun nishaɗi, kuma ko wannan ma ba kowace shekara ake samun masu yawa ba. Wanda ya sare kuwa, sai ya jawo ƙafa ya komo sansani, wani lokaci tafiyar sa'o'i, a tsaya a busa masa begila da taken da sojan Amurka suke busawa wajen binne mamaci.

Waɗanda suka kai da waɗanda suka kusa

Shekaru da dama ana ganin mil ɗarin nan ba mai iya shi, har 1995 da wani Bature daga Ingila, Mark Williams, ya gama cikin awa 59 da minti 28. Wanda ya fi kowa sauri shi ne Brett Maune, da ya yi awa 52 da minti 3 a 2012. Jared Campbell kuwa sau huɗu ya gama, a 2012 da 2014 da 2016 da 2024. Amma duk sa'ad da aka sami mai gamawa, sai a ƙara wani hawa a shekara mai zuwa. Manufar Cantrell ita ce ya ajiye tseren daidai kan iyakar abin da ɗan Adam zai iya, yadda gwanin gwanaye ma zai tashi bai san ko zai kai ba. A ganinmu wannan shi ne ya bambanta Barkley da manyan tseren birane, inda kusan duk wanda ya biya kuɗi ya yi horo yake komawa gida da lambar yabo a wuya.

Rashin barci yana da nasa aikin. A 2022 wani likitan haƙori ɗan ƙasar Beljiyam, Karel Sabbe, wanda ya yi suna wajen gudun duwatsu, ya ɓace a zagaye na huɗu, hankalinsa ya gushe har ya tsaya yana tambayar kwandon shara hanya a wani ƙauye, sai ɗan sanda ne ya ɗauko shi a mota ya maido shi sansani. Bai yi zuciya ba, ya komo a 2023 ya gama.

Labarin da ya fi taɓa zuciya shi ne na 2017. Mutum biyu suka shiga zagaye na ƙarshe, John Kelly, wanda ya tashi a gefen wannan daji, da Gary Robbins daga Kanada. Kelly ya iso da saura rabin awa, yana sanye da wata leda da ya tsinta a hanya don maganin sanyi. Robbins kuwa ya riga ya yago shafinsa na ƙarshe, sai hazo ya rufe shi a kan dutse, ya saki hanya, ya gangaro ta wani ɓangare dabam. Ya taɓa ƙyauren ya zube ƙasa bayan cikar awa 60 da daƙiƙa shida, shafukansa cif a hannu. Jama'a suka yi ta cewa daƙiƙa shida ce ta kayar da shi, amma Cantrell ya bayyana cewa ko da ya iso da wuri ba za a ƙirga masa ba, gama ya tsallake wajen mil biyu na hanya. Robbins kansa ya amince da hukuncin. Abokai ne, sun rungumi juna a bakin ƙyaure, amma abota ba ta sa an sassauta doka ba.

Shekara da shekaru Cantrell yana tsokanar mata cewa tseren ya fi ƙarfinsu. Wadda ta rufe wannan baki ita ce Jasmin Paris, likitar dabbobi 'yar Birtaniya mai aiki a Jami'ar Edinburgh, uwar 'ya'ya biyu. A 2022 ta yi zagaye uku, a 2023 ta yi huɗu amma lokaci ya ƙure mata. A watan Maris na 2024, tana da shekara 40, ta fito daga daji a guje, jama'a na ihu, ta faɗa kan ƙyauren ta zube, agogo yana nuna awa 59 da minti 58 da daƙiƙa 21. Daƙiƙa 99 kaɗai suka rage mata. A wannan shekara mutum biyar suka gama, abin da ba a taɓa gani ba.

Ɗaukaka da haɗarinta

Tun da aka fitar da wani fim a kan tseren a 2014 sunansa ya bazu, masu nema suka yi ta ƙaruwa daga ƙasashe masu nisa, 'yan jarida suka fara tururuwa. Irin wannan ɗaukaka ita ce takan kashe ƙananan wasanni, domin da zarar kamfanoni sun shigo da kuɗinsu sai su nemi a faɗaɗa, a sauƙaƙa, a sa alamu, a kawo kyamara kowane lungu. Masu Barkley sun ƙi. Adadin 'yan tsere yana nan yadda yake, 'yan kallo wurare ƙalilan aka yarda su tsaya, labarin abin da ke gudana kuwa ɗan abin da wani na sansani ya aiko ta intanet ne kawai. Cantrell ya kuma buɗe wani tsere dabam a dajin cikin kaka, mai wajen kilomita 50, wanda ake shiga ta hanyar da aka saba, domin mai sha'awa ya ɗanɗana ƙayar Rat Jaw ya ji yadda take.

Bayan mutum biyar ɗin nan na 2024, kowa ya san abin da zai biyo baya. Aka sake ƙara wa hanyar wuya. A 2025 ba wanda ya gama, kuma John Kelly, mai gamawa sau uku, shi kaɗai ya iya kammala zagaye uku cikin lokaci.